Hanyoyin Masu Keke a Karkarar Faransa

 Maganar yau a kan waɗansu hanyoyi ce na ƙauyukan Faransa, waɗanda aka keɓe domin masu keke. Mota ba ta bin yawancinsu, kuma babu hawan tudu mai sa haki, har dattijo ya iya bin su tare da jikansa, su yini suna tafe ba wanda ya jigata. Wanda ya ji haka sai ya zaci sabuwar dabara ce. Alhali kuwa mafi yawansu tsofaffin hanyoyin aiki ne, an yi su domin jirgin ruwa, da jirgin ƙasa, da tare ambaliya. Da aikinsu ya ƙare, saura kaɗan ciyawa ta cinye waɗansunsu, sa'an nan aka tashe su. Iri uku ne, ga bayaninsu bi da bi.

Iri na farko shi ne turbar bakin haƙaƙƙen kogi. A kudancin ƙasar akwai wani kogi wanda hannun mutane ya haƙa, ana kiransa Canal du Midi. Tsawonsa kilomita 240, watau kamar mil 150, ya taso daga birnin Tulus ya gangara har gaɓar Bahar Rum. Wanda ya tsaya a kan aikin, Pierre-Paul Riquet, mai karɓar harajin gishiri ne, mutumin garin Béziers, bai kuwa yi karatun injiniya ba. Tun kafin zamaninsa sarakunan Faransa suna marmarin haɗa Bahar Rum da Tekun Atlantika, don fatake su huta da kewaye ƙasar Sifen. Abin da ya gagare su shi ne akwai tudu a tsakani, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Riquet ya yi ta bin ƙoramu cikin tsaunukan da ake kira Baƙin Dutse, har ya gane yadda za a tara ruwansu a babban tafki, a jawo shi zuwa bisa tudun, a wani wuri mai suna Naurouze, inda zai rabu biyu, wani ya yi gabas, wani ya yi yamma. Sarki Luwi na 14 ya ba da izini a shekarar 1666. Aka tara ma'aikata har wajen 12,000, maza da mata, da diga da shebur da kwando. Riquet ya zuba dukiyarsa cikin aikin har bashi ya hau kansa. Ya rasu a watan Oktoba na 1680, aka buɗe kogin a watan Mayu na 1681, bai ga jirgi ya ratsa shi ba.

To, ina ruwan mai keke da wannan labari? Jiragen wancan zamani ba su da inji, dawakai ke jan su da igiya, saboda haka aka share turba a gefen ruwan tun daga farko har ƙarshe. Duk inda ƙasa ta gangara, sai a gina wani ɗakin ruwa mai ƙofa biyu, jirgi ya shiga, a rufe, a ƙara ruwa ko a rage, ya hau ko ya sauka. Tsakanin wannan ƙofa da ta gaba ruwa kwance yake, turbar dawakin ita ma dole ta kwanta. Ita ce mai keke ya gāda. Ba ya gamuwa da hawa sai ɗan kaɗan a bakin kowace ƙofa, inda har yanzu akan ga gidan mai gadi, da allo a jikin bango an rubuta sunan wurin da nisan ƙofa ta gaba. Amma fa a lura, a waɗansu wurare turbar wannan kogi ƙasa ce, da saiwoyin itatuwa, in an yi ruwa sai taɓo. Wanda bai ƙware ba gara ya bi ɗan'uwansa, haƙaƙƙen kogin Garon, wanda aka gama a 1856. Shi daga Tulus ya nufi wajen Bordo, tsawonsa kilomita 193, turbarsa kuwa an shimfiɗa mata kwalta.

Iri na biyu shi ne tsohon layin dogo. Jirgin ƙasa shi ya kashe kasuwar kogin Riquet, gama a 1858 kamfanin reluwe ya karɓi kogin haya na shekara 40, kaya suka koma kan dogo. Daga baya mota ta zo ta yi wa ƙananan layukan ƙauye abin da su ma suka yi wa jiragen ruwa, aka rufe su da yawa. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa mai tsanani, shi ya sa magina suka fasa tudu, suka cike kwari, suka yi gadoji. A lardin Burgundi aka ga bai kamata wannan wahala ta tafi a banza ba, sai aka cire ƙarafa, aka zuba kwalta, a 1997 aka buɗe hanya daga Givry zuwa Cluny, fiye da kilomita 40. Tana cikin na farko irinta a ƙasar. Tana ratsa gonakin inabi da makiyayar fararen shanu, waɗansu tsofaffin tashoshi kuma sun zama wurin hayar keke. A Cluny matafiyi zai ga kufan wani babban gidan ibada na Kirista wanda aka kafa a shekarar 910. Kudu da garin hanya ta shiga ramin dutse mai tsawon kilomita ɗaya da rabi da 'yan kai. Da sanyi akan rufe ramin, don jemagu suna ɓuya a ciki, sai masu keke su kewaya ta kan tudu.

Iri na uku shi ne ganuwar tare ruwa. Luwar shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya haura kilomita 1,000, kuma mai yawan ambaliya ne. Tun ƙarni na 12 mutane ke tara ƙasa a bakinsa don tsare gonaki. Bisa waɗannan ganuwoyi, da ƙananan hanyoyin ƙauye da suka haɗa su, aka shata hanyar keke mai tsawon kamar kilomita 900, daga kusa da garin Nevers har bakin teku, da alamu a kowace mararraba. A nan ne ake ganin fadojin sarakunan dā, kamar Chambord, wadda Sarki Faransuwa na 1 ya soma ginawa a 1519. Wajen garin Saumur kuma akwai gidaje da aka sassaƙa cikin farin dutse. Sai dai iskar wannan kwari daga yamma ta fi busowa, da ita ma jiragen dā masu filafilai suke haurawa. Saboda haka mai bin gangaren ruwa zuwa teku, ƙasa tana taimakonsa, iska kuwa tana turo shi baya. Mai dabara yakan tashi da sassafe, tun ba ta yi ƙarfi ba.

Hanya kaɗai ba ta isa ba, sai da masu binta. Wanda Faransawa suke ɗauka uban yawon keke shi ne Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio. An haife shi a 1853, ya yi fataucin siliki kafin ya koma sana'ar keke a birnin Saint-Étienne, a can kuma ya rasu a 1930, jirgin da ke bin titin gari ya buge shi. Ya bar wa almajiransa gargaɗi wanda har yanzu suke riƙe da shi: mutum ya ci tun bai ji yunwa ba, ya sha tun ƙishi bai kama shi ba, ya rufe jiki tun bai ji sanyi ba, kada kuma ya yi gudu don a yabe shi. Amma a zamaninsa yawon sai mai hali, don lebura ba shi da sukuni. A 1936 aka yi doka cewa kowane ma'aikaci yana da hutun mako biyu a shekara, albashinsa kuma yana tafiya. A wannan shekara aka ga ma'aikata da matansu bisa keke mai sirdi biyu, sun nufi ƙauye da bakin teku.

Wanda ya yi niyyar bin waɗannan hanyoyi, watan Mayu da Yuni da Satumba sun fi dacewa, gama a Yuli da Agusta kudu da zafi, ga cunkoson masu hutu. Kilomita 40 ko 50 a yini sun isa, sannu ba ta hana zuwa. Ya riƙe hannun dama, ya kaɗa ƙararrawa kafin ya wuce mai tafiya a ƙasa, ya tafi da famfo da faci da gorar ruwa. Ya sayi burodinsa da hantsi, don kantunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana, waɗansu kuma ba sa buɗewa ran Litinin. In ya shiga kanti ya fara gaisuwa kafin ya tambayi kaya, don su ma rashin gaisuwa abin kunya ne gare su. Yaro wanda bai kai shekara 12 ba, tun 2017 doka ta wajabta masa hular kwano.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi. Inuwar da ta sa kogin Riquet ya yi suna ta waɗansu dogayen itatuwa ce, wajen 42,000, jere a gaɓa biyu. A 1996 hukumar UNESCO ta sa kogin cikin kayan tarihin duniya. A 2006 aka gano wata cuta ta kama itatuwan, ba ta kuwa da magani sai sara da ƙonewa. An riga an sare fiye da rabinsu, har wuraren da dā rana ba ta taɓa matafiyi sun zama fili fetal. Ma'aikatan kogin suna ta dasa waɗansu iri a gurbinsu, sun kuwa sani sai bayan shekaru masu yawa dashen zai rufe turba, watakila da yawansu ba za su zauna a inuwarsa ba. Haka Riquet ya yi, haka masu fasa dutse domin dogo, haka masu tara ƙasa a bakin Luwar. Mai keken da ya yini bai yi haki ba, bashin waɗannan mutane ne a wuyansa, ko ya san sunansu ko bai sani ba.

Iyakar magana ke nan.