Dalma a Bututun Ruwa: Wa Zai Kai Wa Maƙwabta Labari?



Kowa a nan ya ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A 2015 kuma ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja, nan kusa da mu. Can wajen niƙa dutsen zinariya aka same ta. To amma dalma tana shiga ta famfo ma. A garin Flint na Amurka, a 2014, tsoffin bututu ne suka zuba ta cikin ruwan sha.

Abuja sabon gari ne, ruwan Dam ɗin Usuma kuwa ana tace shi. Abin dubawa shi ne bututun cikin gida, musamman kwancen da ake sayowa don araha, da kan famfo na tagulla. Ga gwaji mai sauƙi: a kankare bututu da makulli. In yana da taushi, ya yi ƙyalli kamar azurfa, kuma maganaɗisu bai kama shi ba, to a kira mai gyaran famfo ya canza shi. Dalma ba ta da ɗanɗano, tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Ƙananan yara da masu juna biyu ta fi yi wa lahani, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Kafin a canza, ruwan da ya kwana a bututu a bar shi ya zuba tukuna, a yi wanki da shi.

Yanzu wa zai faɗa wa maƙwabta? Gidan haya ɗaya a Nyanya ko Gwagwa, ga Bagware, ga Ibo, ga Tibi, famfo ɗaya suke sha. In an buga takarda da Turanci, sau da yawa ƙosai za a naɗe da ita. Mu kuwa masu shayi namu ne, masu tura ruwa a kura namu ne, babu gidan da ba sa shiga. Su za mu fara koya wa. Sannan mu je wa sarakunan Gwari da girmamawa, ƙasarsu muka tarar da su. Liman ya faɗa ran Juma'a, a roƙi fasto ya faɗa ran Lahadi. Mata kuma sai mata, a gidan suna da Islamiyya.

Masu gidajen haya da ke cikinmu, kuɗin bututu a wuyanku yake, ba na ɗan haya ba. Wanda ke jin Gwaranci ko Yarabanci ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.