Gilashin Gado da Kyamarar Gwanjo



Akwai waɗanda a cikinmu, 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, suka gaji gilasan kyamara daga iyaye ko kawunnai da suka yi sana'ar ɗaukar hoto. Ita kyamarar kuwa ko dai ta mutu, ko ta fim ce, ga shi fim ya yi wuya. To, wace gangar kyamara ta hannu ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya saya?

Shawarata ita ce a fara duba gindin gilashin, domin kowane kamfani da irin bakin da yake ƙerawa. Nikon ya fito da bakinsa na F a 1959, Pentax kuma ya fito da na K a 1975, duka biyun sun riƙe shi har zamanin kyamarori marasa fim. Shi kuwa Canon ya sauya baki a 1987, saboda haka mai gilashin FD da ya sayi gangar EOS ya yi asarar kuɗinsa, sai fa in ya nemi zoben haɗi. Haka ma gilashin Zenit mai zare.

Ko a wajen Nikon ɗin akwai tarko. D40 da D3100 suna da araha, amma ba su da injin da ke juya tsofaffin gilasan AF, dole sai mutum ya saita da hannu. D90 ta 2008 tana da shi, ita nake zaɓa. Gilashin da aka ƙera kafin 1977 kuwa kada a tura shi da ƙarfi.

In za ka Kano ciniki, tafi da gilashinka a aljihu. Ɗaura shi, ka ɗauki farin bango, ƙurar hunturu da ta shige ciki za ta fito ɗigo-ɗigo. Tambayi sau nawa ta ɗauka, ka kuma gwada batirin.

Abin da ya sa na damu shi ne, tun Disamba 2020 da aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, yawancin hotunan yankinmu da duniya ke gani na kuka ne, baƙi kuma suka ɗauka. Ni dai hutun nan, in Allah ya so, kasuwar Sheme zan nufa da gilashin kawuna.