JAR FITILAR ZAFI A TABLON MOTA
(Jawabin da anka karanta a taron ƙungiya)

Kwamiti ya ce mu yi bayani bisa wata ƴar fitila da ke cikin tablon mota, gaban direba. Motocin Cadakori su ke kai mai naƙuda asibitin Maradi, su ke ɗaukar hatsinmu zuwa kasuwa. In inji ya ƙone a hanya, ba mai mota kaɗai ya yi hasara ba.

Alamar fitilar ita ce ma'aunin zafi irin na likita, tsaye bisa ruwa. Tsofaffin motoci allura gare su, amma da yawa cikin na yanzu fitilar ce kawai. A waɗansu motocin Japan takan kunnu shuɗiya da safe. Wannan ba komi, inji ne bai ɗumama ba, za ta mutu da kanta. In ta kunnu ja kuwa, ruwan inji ya yi zafi fiye da ƙima, sai a tsaya.

Yaran lakol sun san ruwa yana tafasa a digiri 100. Inji kuwa wajen digiri 90 yake aiki. Kun ga ratar kaɗan ce, balle da bazara, sa'ad da zafin gari ke wuce digiri 40, ga lodi, ga rairayi ana tafiya da ƙaramar giya. Abin da ke ceton mu shi ne murfin radiyata. Yana danne ruwan, ya hana shi tafasa sai wajen digiri 120. Nan kuma haɗarin yake. Wanda ya kwance murfin nan inji na da zafi ya ɗauke dannewar, nan take ruwan ya zama tururi ya feso masa a fuska da hannu. Yaran mota su ke shan wannan ƙuna, don su ake aikawa. Direbobi, don Allah ku hana su.

To, fitila ta yi ja. A ratse gefe, a kashe inji, a ɗaga murfin gaba, a jira aƙalla rabin awa. Kada a kwara ruwan sanyi bisa inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. In ya huce, a dafa murfin da tsumma mai kauri, a murɗa sannu.

Sai bincike, kuma a fara da abin da ido ke gani kyauta. Ruwa ya ragu? A leƙa ƙarƙashin mota, a bi tiyo-tiyo da hannu, a duba bakunansu. Bel ɗin fanka ya saki ko ya tsinke? In fankar ta lantarki ce ba ta juyawa, sau da yawa fis ne. A duba gaban radiyata kuma, don ƙura da ƙaiƙayi da ƙarangiya suna toshe ramukanta, iska ba ta ratsawa. Wankewa kawai take so.

Akwai alamun da ƙarin ruwa ba ya yi musu magani: farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan inji ya yi zafi, kumfa na tasowa a bakin radiyata, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Wannan shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ce ta ƙone, wadda makanikai ke ce ma jwan-kilas. A nemi mai ja zuwa gareji, a nema wa mara lafiya wata mota.

Ruwan rijiya da muke zubawa yana barin tsatsa da farar dauɗa cikin inji, irin wadda muke gani a gindin buta. Ruwan radiyata na kanti, mai launi, ya fi, don yana hana tsatsa. Sai dai guba ne, ga shi da zaƙi. A ajiye shi nesa da yara da awaki. Ƙwai ko garin taba da waɗansu ke zubawa don toshe yoyo yakan toshe har inda ba a so.

Wani lokaci na'urar auna zafin ce ta lalace, fitila tana ƙarya. Gaskiya ne, amma makanike ke tabbatar da haka, ba direban da ke sauri ba. Mun ga motoci da anka liƙe fitilar da salatif don kada fasinja su yi surutu. A ganinmu irin wannan mota ba ta cancanci ɗaukar mara lafiya ba.

Shawararmu ga kwamiti ita ce kowace motar da ƙungiya ke kira da dare ta riƙa ajiye jarka mai lita 20 cike da ruwa mai tsabta, da bel guda, da fis, da tocila. Muna roƙon a sa wannan cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa.