Haƙorin da Ya Daina Ciwo



Da aka ba mu damar yin jawabi a wannan zama, abokanmu sun zaci siyasa za mu taɓo, ko kuwa maganar kuɗin makaranta, kamar yadda aka saba. Da suka ji cewa a kan haƙori ne, ko haure kamar yadda muke faɗi a gida, sai suka bushe da dariya. Ba mu ga laifinsu ba, domin duk wanda ya iya wangale baki ya yi dariya irin wannan, nasa haƙoran lafiya suke. Mu ba ɗaliban likitanci ba ne. Abin da ya ba mu ƙarfin halin tsayawa gabanku shi ne wasu abubuwa biyu da suka faru a gidanmu na Dingyaɗi, ɗaya ga kawunmu, ɗaya kuma gare mu.

Kawunmu manomi ne, mutum mai jimiri, wanda ba mu taɓa jin ya ce wash ba. Ana tsakiyar noman farko wani haƙorinsa na tauna, irin na can ciki da ake kira turmi, ya tasa shi gaba. Da rana yakan daure ya tafi gona. Da dare kuwa, da zarar ya sa haƙarƙarinsa ƙasa, sai ciwon ya riƙa bugawa kamar ana kiɗa masa ganga cikin kunne. Sai ya tashi ya zauna bakin randa, ya cika baki da ruwan sanyi, in ya yi ɗumi ya zubar ya sake wani, har a kira assalatu. An ba shi kanumfari ya danna a ramin, an ba shi gishiri, an sayo masa ƙwayoyi a kemis. Muka ce, "Kawu, mu tafi Sakkwato a duba." Ya ce gona ba ta jiran mai haure, kuma shi ba zai kai bakinsa inda za a sa masa ƙarfe ba. Bayan kamar kwana goma sai ciwon ya ɗauke ɗif. Ya kira mu yana murmushi ya ce, "Kai ɗan boko, ka gani? Tsutsar ta mutu."

Mu ma a lokacin murna muka yi. Ba a yi wata guda ba sai ƙasan muƙamuƙinsa ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, bakinsa ya ƙi buɗewa, har miyau ya gagare shi haɗiya. Cikin dare aka nemi mota aka kai shi asibiti a Sakkwato. Sai da aka tsaga ƙarƙashin haɓarsa aka fitar da mugunya, aka cire haƙorin, ya yi kwanaki a kwance. Ragon da yake kiwo domin Layya shi ya biya kuɗin magani, gonar da ya ce ba ta jira kuwa 'yan'uwa ne suka yi mata gayya.

To, me ya faru? Haƙori ba dutse ba ne, ko da yake ɓawonsa na waje ya fi kowane ƙashi na jikin mutum tauri. A tsakiyarsa akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai taushi, da jijiyoyin jini, da kuma jijiyar da ke kai saƙon zafi ga ƙwaƙwalwa. Daga wannan ɗaki ne wasu siraran hanyoyi suke bi ta cikin saiwa har su kai ga ƙashin muƙamuƙi. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukarin da muka bari, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon a hankali, har rami ya samu. In ramin ya kai ga ɗakin nan, sai tsokar ta kumbura. Ƙurji a hannu yana da wurin da zai tasa. Wannan kuwa bango ne ya kewaye shi ta ko'ina, shi ya sa zafinsa ya fita daban, shi ya sa kuma yake tsananta in mutum ya kwanta jini ya ƙaru a kai.

Idan aka bar shi haka, tsokar takan mutu, jijiyar ma ta mutu tare da ita. Ranar da ta mutu ita ce ranar da ciwo ke ɗaukewa. Watau abin da kawunmu ya ɗauka waraka ce, mai gadin gidan ne ya mutu, ɓarayin kuwa suna nan ciki, har sun sami hanya ta cikin saiwa zuwa ƙashi. Kafson da aka saya a kemis ba ya isa inda suke, domin jini ne ke kai magani, kuma jini ya daina shiga mataccen haƙori. Irin kumburin da ya same shi, wanda ke mamaye ƙasan harshe har ya nemi toshe numfashi, wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana shi tun 1836, kuma har yau yana kisa in an makara.

Kada mu raina kawunmu saboda maganar tsutsa. Mutanen Iraƙi na zamanin da sun yi imani da tsutsar haƙori, Turawa ma sun daɗe a kanta. A 1728 ne wani Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya fitar da littafinsa a kan aikin haƙori, yana cikin waɗanda suka yi watsi da zancen, kuma sai a 1890 wani Ba'amurke mai suna Miller ya baje bayanin ƙwayoyin cuta da ruwan tsami da muka ambata. Kanumfarin ma ba ƙarya ba ne. Man da ke cikinsa yana kashe zafi da gaske, har likitocin haƙori suna amfani da shi a wasu haɗe-haɗensu. Aibinsa ɗaya, yana rufe bakin ciwon ne kurum. Abin da ba za mu yi wa uzuri ba shi ne ɗiga ruwan batir a rami, ko danna ƙwayar asfirin a dasashi, domin waɗannan ƙona nama suke yi.

Yanzu bari mu zo ga tsoro, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu. Tsoron nan yana da asali. Iyayenmu sun ga yadda ake danne ƙato, a sa masa awartaki a baki, a fizge haƙori yana ihu, wani lokaci ya karye rabi ya saura a ciki. Wanda ya ga haka yana yaro, ba lacca ɗaya ce za ta goge masa shi ba. Ga kuma jita-jita, wai cire haƙorin sama yana taɓa ido, wai in an cire ɗaya tsutsar sai ta koma na kusa da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da yake gaskiya, amma wanda ciwo ya hana barci ba ya tantance magana.

Abin sha'awa shi ne, kashe zafi lokacin fiɗa, wanda duk asibitocin duniya ke taƙama da shi a yau, ta hannun masu aikin haƙori ya shigo. A watan Disamba na 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙi wata iska da ake kira iskar sa dariya, ya sa aka cire masa nasa haƙorin bai ji zafi ba. Da ya je birnin Boston ya gwada a gaban ɗaliban likitanci, sai wanda ake cire wa ya yi ƙara, aka yi wa Wells ature. (Ɗalibai dai ko'ina halinmu ɗaya ne.) A watan Oktoba na 1846 wani abokin sana'arsa, William Morton, ya yi nasara a garin da wani magani daban. Allurar lidokain kuwa, wadda ake yi a dasashi ta kashe wurin mutum yana farke, a ƙasar Suwidin aka haɗa ta a 1943. Ashe tsoron da muka gada ya girmi maganinsa, kuma labarin maganin bai gama isa ƙauyukanmu ba.

A nan ne za mu tona asirin kanmu. Bayan duk abin da muka gani ga kawunmu, da namu turmin ya fara tsami in mun sha ruwan sanyi, wata takwas muka yi muna tauna da gefe guda. Muna da katin makaranta, asibiti yana kusa, mun kuma san abin da ke tafe. Amma mun ji abokai suna cewa aikin cire jijiyar haƙori ya fi kowane aiki azaba, saboda haka kullum sai mu ce bayan jarrabawa. Ilmi bai hana mu tsoro ba ko kaɗan. Daren da ya kai mu bakin famfo muna cika baki da ruwa, kamar kawunmu a bakin randa, shi ne ya kai mu asibiti da safe.

Ga abin da aka yi mana, ba ragi ba ƙari. An ɗauki hoton haƙorin aka ga saiwoyinsa. Aka yi allura a can ƙarshen muƙamuƙi, wadda ta yi zafi kamar cizon tururuwa na ɗan lokaci, sa'an nan rabin leɓe da rabin harshe suka yi nauyi kamar ba namu ba. Da likita ta fara, muka ji ɗan tsiko, muka ɗaga hannu kamar yadda ta ce mu yi, ta tsaya ta ƙara allura. Ta ce haƙorin da ya riga ya kumbura ƙwarai ya fi wuyar kashewa, watau jinkirinmu ne ya jawo. Aka shimfiɗa wani ƙyallen roba ya keɓe haƙorin daga miyau, aka huda shi daga sama da wani ɗan inji mai kukan sauro, aka sa waɗansu 'yan magagarai sirara kamar allurar ɗinki aka kwashe ruɓaɓɓiyar tsokar daga kowace hanya, ana yi ana wankewa da ruwan magani. A zuwa na biyu aka cike hanyoyin da wani irin danƙo da asalinsa daga itatuwan ƙasar Malesiya yake, aka toshe ramin, daga baya aka sa wa haƙorin hula don kada ya tsage.

Abin da ya fi damunmu a kujerar nan shi ne gajiyar buɗe baki fiye da sa'a guda, da kuma zullumin abin da bai zo ba. Bayan allura ta saki, wurin ya yi tsami kwana biyu ko uku, irin wanda farasitamol ke iya wa. Duka-duka bai kai rabin dare ɗaya na bakin famfo ba. Muna jin sunan da aikin nan ya yi, ciwon da ke kai mutane gare shi ne ya shafa masa.

Amma za mu zama marasa adalci in muka ce tsoro kaɗai ke hana mutanenmu. Mutumin Dingyaɗi ko Sifawa yana kusa da birni, na ƙauyukan Shagari kuwa sai ya yi tafiya. Aikin jijiya yana buƙatar hoto da kayan aiki da likitan da ya ƙware, irin waɗanda ake samu a manyan wurare kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kuɗinsa ya ninka na cirewa, ga kuɗin mota sau biyu ko uku, ga ranakun aiki da za a rasa. A ganinmu, haƙorin mutum na asali ya fi giɓi, musamman ga matashi mai shekaru masu yawa na tauna a gabansa, kuma wanda ke da hali ya ceci nasa. Wanda ba shi da hali kuwa, kada wani ɗan boko ya sa shi jin kunyar cirewa. Cirewa a asibiti, da allura da kaya masu tsabta, magani ne cikakke. Hanyar da ba ta ɓullewa ita ce ta uku, wadda mu da kawunmu muka bi.

Wannan ɗabi'a ta ƙin kai baki asibiti ba a kan manya kaɗai take tsayawa ba. A Sakkwato akwai asibitin yara da aka kafa a 1999 musamman domin cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wadda ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai fama da rashin abinci, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Sanadinta daban ne da na ramin haƙori, amma ita ma da "bari mu ga gobe" take samun wuri.

Mu da ke wannan ɗaki, in mun koma gida hutu, mu ake miƙa wa takardar magani a ce mu karanta, mu ake aika kemis, ma'aikatan cikinmu kuwa su ake tambaya kuɗin mota. Ƙwayoyin da kawunmu ya sha na kwana goman nan, mu muka sayo su da hannunmu. Saboda haka in wani ya ce muku haƙorin da ya hana shi barci ya daina ciwo don kansa, ku tambaye shi yaushe za ku tafi. In kuwa kun ga kumburi ya sauko ƙasan haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, baki ba ya buɗewa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, to wannan ba ya jiran gari ya waye, a nemi mota a daren.

Kawunmu yana nan lafiya, ya bar gemu ya rufe tabon. Da muka koma gida muka nuna masa haƙorinmu mai hula, ya sa muka buɗe baki a hasken rana, ya duba ya sake dubawa, ya ƙwanƙwasa shi da farce. Ya tambaye mu ko da gaske muna farke aka yi. Muka ce muna farke, Kawu. Ya yi shiru, can ya ce akwai wani na gefen hagu da ya fara yi masa tsami in ya ci rake, amma sai an gama girbi. An gama girbi tun makon jiya, mun kuwa riga mun yi magana da mai mota.