Ɗan Gawayin da ke Ƙarƙashin Ƙafar Mai Walda



Duk wanda ya ratsa rumfunan masu walda a Mubi, inda ake ƙera ƙofofi da gyaran jikin motocin da ke ɗaukar shanu daga kasuwa zuwa kudu, zai iske galibinsu da sandar walda suke aiki, amma akwai kaɗan masu walda da iskar argon domin alminiyam, waɗanda na'urarsu ke da mataki na ƙafa, kamar na keken ɗinki mai lantarki, wanda gwargwadon yadda aka danna shi haka wutar ke ƙaruwa.

A cikin tsofaffin matakan nan akwai ɗan gawayi, wanda masu sana'a ke kira buroshi, yana goga jikin naɗaɗɗiyar waya, kuma da yake shi ne mai taushi, bisa hikimar maƙerinsa, shi ke cinyewa domin wayar ta tsira. Idan ya ƙare, ko ƙurar hunturu ta shiga tsakaninsu, sai wuta ta riƙa tsalle, ta huda ƙarfe nan, ta kasa narkar da shi can, mai aiki kuwa ya ɗora alhakin a kan janareto, alhali ba shi da laifi.

Maganin ba wuya: a zare na'urar daga wuta tukuna, a buɗe matakin, a share wayar, a sa sabon gawayi daidai girman tsohon, a tabbata sifirin ɗin da ke riƙe da gawayin yana danna shi jikin wayar.

Iyayen gida, don Allah ku nuna wa almajiranku wannan kafin ku miƙa musu ƙofar mutane.