Tsofaffin Hannu da Ɗorewar Tawaga a Ƙwallon Ƙafar Ostiraliya



Ƙwallon da wannan takarda ta duba ita ce wadda ake bugawa a gasar AFL ta Ostiraliya, mutum 18 a kowane ɓangare, a fili mai siffar ƙwai, ana sa hannu ana sa ƙafa. An tsara gasar ne don kada wata ƙungiya ta daɗe a sama. Tun 1986 ake rabon sabbin 'yan wasa ta yadda ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓa, kuma akwai iyakar albashin da ba a yarda a tsallake ba. Kuɗi ba ya sayen kofi ke nan. To me ya sa wasu ƙungiyoyin suka ƙi saukowa?

Mu ɗauki Geelong. A 2022 ta lallasa Sydney da ratar maki 81 a wasan ƙarshe, da tawagar da ta fi kowace yawan shekaru a tarihin gasar har zuwa lokacin, alhali masu sharhi sun daɗe suna cewa ta tsufa. A wannan shekarar, kyaftin Joel Selwood da Tom Hawkins tun 2007 suke wasa tare, koci Chris Scott kuwa yana nan tun 2011. A fili mai faɗin nan, inda ake kai wa mai riƙe da ƙwallo cafka ta kowace fuska, babu lokacin ɗaga kai a nemi abokin wasa. Sai wanda ya riga ya san inda ɗan'uwansa zai nufa. Wannan sanayya shekaru ke kawo ta. Sai dai Geelong ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta ɗauko Patrick Dangerfield daga Adelaide, ta ɗauko Jeremy Cameron da Isaac Smith, kuma Smith ɗin ne, yana da shekara 33, ya zama gwarzon wasan ƙarshe.

Gold Coast ta bi akasin haka. Ta shigo gasar a 2011 da zaɓaɓɓun matasa da Gary Ablett ƙarami, amma zaratanta suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya, ba ta taka zagayen neman kofi ba sai 2025.

Labarin Brisbane ya fi jan hankalina. Ita ce ta ƙarshe a 2017. Ta kawo Luke Hodge, wanda ya ci kofi huɗu da Hawthorn har ya sanar da ritaya, ya yi kaka biyu yana tsara yara a baya, yana nuna musu inda za su tsaya. A 2019 ta ƙare ta biyu a teburi, a 2024 ta ɗauki kofi ƙarƙashin Chris Fagan, kocin da aka yi haƙuri da shi tun 2017.

Wani zai kawo hujja da Essendon ta 1993, wadda ta ci kofi da sabbin jini. Gaskiya ne. Haka kuma riƙe tsofaffi yana da ranar ƙin dillanci: West Coast ta ci kofi a 2018, ta ci gaba da dogara da 'yan wasan da suka ci mata shi, a 2023 ta koma ƙasan teburi.

Ra'ayina shi ne, masu nazari su rage kallon matsakaicin shekarun tawaga, su ƙidaya wasannin da 'yan wasanta suka buga tare. Ina kira ga ɗalibanmu na sashen wasanni su gwada wannan ma'auni a kan ƙungiyoyinmu na gida, inda ake sauya rabin tawaga da koci kusan kowace kaka.