Littattafai Da Waƙoƙi Da Wasannin Da Mu Ke So

 

Rannan da aka tashi daga aji wani dattijo ya tare mu a bakin ƙofa, ya ce, "Malamai, kullum kuna ce mana mu riƙa karatu a gida. To, ku me ku ke karantawa? In kun kunna rediyo wa ku ke so ku ji?" Muka ce ya yi haƙuri, amsar ta kowa ce, sai an taru. To, yau ga shi an taru.

Amma ku fara jin dalilin da ya sa muka ɗauki tambayar nan da girma. Mun sha ganin mutum ya yi wata da watanni yana zuwa aji, ya ci jarrabawa, ya karɓi takardar shaida, ya naɗe ta ya sa a adaka. Shekara ta kewayo, a miƙa masa wasiƙa, sai ya ce idonsa ke ciwo. Idonsa lafiya lau. Karatun ne ya gudu, gama tun ran da ya bar aji bai sake buɗe kome ba. Mun duba, waɗanda karatunsu ya zauna duk akwai wani littafi da su ke so, wanda ba sai an ce musu su ɗauka ba.

Mu namu shi ne Ruwan Bagaja. A 1933 aka sa gasar rubuta labari a Zariya, a hannun wani Bature, Dokta East. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga, aka buga littafinsa a 1934. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya fid da Liman daga kunya. Amma gaskiya, abin da ya riƙe mu Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da Alhaji ya sauka sai ga Zurƙe, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama. Mai koyo ya kan manta karatu ya ke yi, sai ƙoƙarin ya ga wa zai ka da wani. Ga shi ɗan ƙarami, ya shiga aljihu.

Akwai daga cikinmu masu cewa Magana Jari Ce ya fi shi. Ba mu musa ba, shi ma na Imam ne, littafi uku, an fara bugawa a 1937. Aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari kowane dare don ya hana shi fita. Amfaninsa ga manomi ko ɗan kasuwa shi ne labarun gajeru ne, ka karanta ɗaya bayan isha'i ka rufe. Sai dai ya fi nauyi, a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari.

Na uku ba na dariya ba ne. Shaihu Umar ke nan, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Shi ma a gasar 1933 ya fito. Yaro ne aka sace zamanin bauta, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Ba su sadu ba sai a Tarabulus, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta rasu. Mun taɓa karanta wurin nan a ajin mata, wata tsohuwa ta ce a dakata, ta fita waje. Da ta komo ta ce a ba ta littafin ta kai gida.

A 1976 Adamu Halilu ya mai da labarin nan fim. Ya ɓace shekaru da yawa, sa'an nan aka samo shi, aka gyara a Jamus, aka nuna a Balin a 2018. Shi ne fim ɗin da mu ka fi so. Amma ku lura, fim sai da wuta, sai da na'ura, ya kan kuma ɓace. Littafin tun 1934 yana hannun mutane.

Wajen waƙa kuwa ba mu taɓa shiryawa ba, kullum gardama. Wasunmu na Mamman Shata ne, mutumin Musawa, mai kalangu, wanda ya rasu a 1999. Wasu na Ɗanmaraya Jos ne, wanda ya rasu a 2015. Mu dai da ke magana yau mun fi karkata ga Ɗanmaraya. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, kuma ya yi wa talaka waƙa, har karen mota ya sami tasa. Malamai mata suka ce kada mu kuskura mu sauka ba mu ambaci Barmani Coge ta Funtuwa ba, mai kiɗan ƙwarya, wadda ta rasu a 2013. To, mun ambata, kada a hana mu tuwo.

Ga dabara game da waƙa. Wadda ka haddace, ɗauki fensir ka rubuta baiti biyu da hannunka. Tun da kalmomin suna kanka, aikin da ya rage na baƙaƙe ne kaɗai. A nan za ka gane inda ƙ ta bambanta da k, da inda ɗ ta bambanta da d.

A talabijin mun fi ƙaunar Samanja, watau Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske, ya rasu a 2023. Hausarsa ta barikin soja ce, a karkace, ita ce ma abin dariyar. A yi kallo, a yi dariya, amma kada a kwaikwayi Hausar nan a takarda.

Kada wani ya ce lalle sai abin da malamai su ke so zai so. In Ganɗoki na Bello Kagara ne ya kama ka, da yaƙe-yaƙensa, riƙe shi. Matasa da yawa sun shiga karatu ta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ba mu ga laifinsu ba.

Ran Laraba mai zuwa kowa ya zo da 'yar takarda. Ya rubuta sunan littafi ko waƙa ko wasan da ya fi so, da dalili, ko layi ɗaya ne. Kada a ba yara su rubuta, mun san hannunku. Dattijon da ya yi tambaya shi zai fara karanta tasa.